Ranar da Aka Ce In Kashe wa Hajiya Lami Makirfo

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona a Limawa kuna musu a kan jam'iyya tun hantsi har la'asar, jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin sauti ba aiki ba ne, wai jona waya ne a danna maɓalli. Na ji shi sarai. Shirun da na yi, ina liƙa wata waya ne a lokacin, dalma kuwa in ta narke ba ta jiran mutum ya gama magana. Yau hannuna babu komai, sai ku ajiye wayoyinku ku saurara.

A Ringim na koyi sana'ar nan, wajen Malam Usaini Mai Rediyo, Allah ya jiƙansa. Shagonsa yana bakin kasuwa, kusa da inda ake lodin tumatir da albasa. Na je ina ɗokin taɓa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, sai ya miƙo mini waya ya ce in naɗe. Na naɗe ta a gwiwar hannu yadda ake naɗe igiyar guga. Ya karɓa, ya warware ta a ƙasa, ya ce in sake. Ya nuna mini cewa wayar sauti tana da zare siriri a cikinta, in ka murɗe ta yau ba za ta nuna maka ba, sai ranar da babban mutum ya buɗe baki a gaban jama'a sannan za ta katse ta ciki, kai kuma ba za ka san inda ta katse ba. Damina guda na yi ina naɗin waya da ɗaukar batir. Batirin mota ne, ruwansa ya cinye mini riguna har mahaifiyata ta daina ɗinka mini sababbi.

Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai, wa'azi ne a wani ƙauye a hanyar Taura. Lasifikokin lokacin na ƙarfe ne masu faɗin baki, irin waɗanda kuke gani a kan masallatai. Na hau darbejiya na ɗaure guda biyu, na sauko ina jin kaina. Mai wa'azi na cewa bismilla sai lasifika ta ƙwalla wani kuka da ya sa jakuna suka tsinke. Kuskurena shi ne na saka makirfo a gaban bakin lasifika, sauti yana komawa inda ya fito. Ashe Malam Usaini ya biyo ni a keke, yana tsaye can baya. Ya hau bishiyar da kansa, da girmansa, ya juya lasifikar, ya sauko ya ja hannuna zuwa ƙarshen fili inda tsofaffi mata suke zaune a kan tabarma. Ya ce nan ne wurin zamana, ba kusa da manya ba. In waɗannan ba su ji ba, to ban yi aiki ba, ko da na gaba sun toshe kunne. Kafin ka ɗaura lasifika, ka dubi inda iska take kaɗawa, ka dubi bangon da zai dawo maka da murya, ka san inda rana za ta kai da azahar don kada ta dafa maka amfilifaya. Wannan duk babu shi a cikin maɓalli.

Da aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni, na dawo nan na buɗe nawa. Malam Usaini ya sallame ni da tsohuwar amfilifayarsa, mai akwatin ƙarfe, nauyinta kamar buhun gero. Sauran kayan a hankali na tara su: janareta, filaya, ƙarfen narka dalma, fiyus a cikin gwangwanin madara, salatif, da makirfo biyu, don wanda ya je taro da makirfo ɗaya bai shirya ba. Daga baya na sayi tsohuwar a-kori-kura, abokina Malam Iro yana tuƙa ta.

Da farar hula suka karɓi mulki sai aikin siyasa ya buɗe. Ni da Malam Iro mun zaga ƙauyukan da har yau ba ku san sunansu ba, lasifika a kan mota, kaset yana juyawa, mai shela yana zaune a baya yana riƙe da ƙarfe. Akwai ranar da muka je kasuwar Shuwarin da wani ɗan takara, aka sayar mana da man da aka haɗa da kananzir, janareta ya dinga tari. Na juya komai zuwa batirin mota, Malam Iro ya zauna yana ba ta wuta har aka tashi, ɗan takarar bai ma san an yi ba. Haka aikin yake: in ka iya shi babu mai ganinka, in ka kuskure kowa zai waiwayo.

'Yan siyasa kuwa iri-iri ne a wajen makirfo. Akwai mai cusa shi cikin baki kamar zai haɗiye, sai ka rage masa. Akwai mai yawo da hannu, makirfo yana gabas bakinsa yana yamma, sai ka yi ta bin sa da yatsa a kan na'ura. Akwai mai busa shi yana bugunsa kafin ya fara, wannan na fi jin haushinsa. Akwai kuma wanda ba shi da abin faɗa, sai ya ce a ƙara murya.

Jam'iyyar da kuke musu a kanta, ni na yi mata aiki tun kafin a yaye wasunku. Ba ɗan haya kawai ba ne ni, ina da katinta. Duk taron da za a yi a wannan shiyya, daga Dutse zuwa Kiyawa, ni ne a gindin na'ura. Shugaban jam'iyya na shiyyar, wanda kowa ke kira Ciyaman, mutum ne mai tsari, ba ya makara, kuma ya san sunan kowane shugaban mazaɓa. Aibinsa ɗaya, in aka yanke magana a sama, ba ya son a sake taɓa ta a ƙasa.

To, gab da wani zaɓe, sai manya suka zauna a falo suka fitar da ɗan takarar majalisa ba tare da zaɓen fid da gwani ba, suka kira abin maslaha. Mutumin mai kuɗi ne, amma a Abuja yake zaune, mutanen mazaɓarsa da yawa ba su taɓa ganin fuskarsa ba sai a fosta. Shugabannin mazaɓu biyu da suka yi gunaguni aka sauke su. Gari ya ɗauki zafi. Sai Ciyaman ya kira taron masu ruwa da tsaki a filin bayan ofishin jam'iyya, wai a wanke zukata.

Tun da sassafe na kafa kaya. Rumfuna uku, manya a tsakiya, maza a dama, mata a hagu. Na ja wayar lasifika ta bayan kujeru, na danne ta da duwatsu don kada a yi tuntuɓe. Da hantsi aka fara. Sakataren jam'iyya, wani matashi mai zaƙin baki, shi ya buɗe. Ya ce gwamnati a hannunmu take, muna da mutum a kowane akwati, 'yan adawa ko kuɗin fosta ba su da shi, saboda haka ko wa aka tsayar zai ci. Wani ya tashi ya ce jama'a jam'iyya suke bi, ba mutum ba. Wani dattijo daga wajen Kiyawa ya yi ta kewaye-kewaye yana cewa a dai duba, a dai yi haƙuri da juna, har ya zauna ba a san inda ya dosa ba. Tafi kuwa ana fara shi tun kafin mai magana ya kai aya, don an riga an zaunar da masu yin sa a layin gaba.

Sai aka ce shugabar mata ta zo ta yi gaisuwa. Hajiya Lami ke nan, 'yar Kiyawa, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ita ce mai shiga gida-gida ta fito da mata ranar zaɓe, tun ana hawa jaki zuwa rumfar zaɓe. Ciyaman da hannunsa ya miƙa mata makirfo. Ta riƙe shi daidai, tazarar yatsu kaɗan daga baki, ban taɓa buƙatar gyara mata murya ba.

Ta yi sallama, ta gaida manya, sannan ta ce ita ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Ta ce ta shiga gidajen da ta saba shiga, mata suna tambayarta wane ne wannan da aka liƙa a bango, ɗan gidan wa ne, ya taɓa zuwa ta'aziyyar wa. Ta rasa amsa. Ta ce waɗanda aka sauke daga shugabancin mazaɓa su ne masu kwana a bakin akwati suna gadin ƙuri'a, an maye gurbinsu da waɗanda ko hanyar rumfar ba su sani ba. Ta ce jam'iyya ba gonar gado ba ce da mutum huɗu za su raba a falo. Sai ta juya ta fuskanci rumfar manya ta ce, "Ranka ya daɗe, da wannan shugabancin ba za mu ci zaɓe ba."

Rumfar mata ta ɗauki guɗa. Ina kallon Ciyaman, ya karkata ya yi wa sakatare magana a kunne. Sakatare ya zagayo ta bayan rumfa ya durƙusa kusa da ni.

"Malam Haladu, kashe mata. A ce na'ura ce ta samu matsala."

Na ce masa na'urata lafiyarta ƙalau. Na ce Ciyaman ne ya ba ta makirfo a gaban jama'a, in yana son abinsa, ga ta can tsaye, ya tashi ya karɓa a gaban jama'a. Taronsa ne, yana da iko. Amma ni ba zan ɗora wa kayana ƙarya ba, ba zan kuma yanke wa mutum magana a ɓoye ba.

Ya ce, "Ka san wanda yake ba ka aiki?"

Na ce, "Na sani. Aikin da ya ba ni shi ne a ji abin da ake faɗa."

Ku lura da kyau, don nan ne inda yaran yanzu suke ɓata sana'a. Mai taro yana da damar ya hana mutum magana. Abin da yake nema a wajen mai sauti shi ne ya hana ba tare da an ga hannunsa ba. Ranar da ka yarda, ka tashi daga mai sana'a ka koma ɗan jagaliya mai filaya. Kuma gobe in kayanka suka lalace da gaske, babu wanda zai yarda da kai.

Sakatare ya tashi ya tafi. Hajiya Lami tana ci gaba, ta fara cewa, "Amma mu mata, abin da muke so ku sani," sai na ga wani ƙato cikin 'yan jagaliyar da aka ajiye a bakin fili ya sunkuya bayan kujeru da wuƙa. Ya datse wayar lasifika. Da a ce ya zare ta ne daga soket, da da sauƙi. Wuƙar ta haɗe zaruruwan biyu, amfilifayar Malam Usaini ta yi wata ƙara ta tuƙe da hayaƙi a gabana. Hajiya ta ɗaga murya da bakinta, amma masu tafin layin gaba suka tashi da ihu, kujeru suka fara tashi sama, 'yan sanda suka shigo. Ba ta ƙarasa ba. Kafin sati ya zagayo an dakatar da ita daga jam'iyya, ni kuma aka aiko mini cewa kada a sake ganin a-kori-kurata a wajen taro.

Ni ma a lokacin ra'ayina irin nata ne. Duk wanda ya zo shagon nan na gaya masa za su sha ƙasa, ya rubuta ya ajiye. Na ga fuskokin shugabannin mazaɓu a ranar, na ga yadda mata suka watse. Aka yi zaɓe, suka ci. Ba da rata mai yawa ba, amma sun ci. 'Yan adawa su ma sun dare gida biyu ana saura 'yan makonni, kowane ɓangare ya tsayar da nasa, ƙuri'arsu ta rabu. Ayarin murna ya bi ta ƙofar shagon nan, lasifikokin Ɗanliti a kan mota, Ɗanlitin da ni na koya masa naɗin waya. Suka tsaya daidai nan inda bencinku yake, suka ƙure kiɗa, suka daɗe kafin su wuce.

Saboda haka in kun ji ina yin shiru kuna rantsuwa a kan wanda zai ci zaɓe mai zuwa, ba rashin ra'ayi ba ne. Na taɓa tabbatarwa na sha kunya. Amma ku sani, ban bar makirfon Hajiya Lami a kunne don na san gaskiyarta za ta fito ba. Da na san za su ci, da haka ɗin zan yi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. A garin da gwamnati ce babbar mai taro, in jam'iyya mai mulki ta juya maka baya, ba aikin siyasa kaɗai ka rasa ba. Taron ƙaramar hukuma ya tafi. Bikin raba kyaututtuka na makarantu ya tafi. Ɗan kwangila zai aurar da ɗansa, mun yi magana, sai ya aiko a ba ni haƙuri. 'Yan adawa suka zo suna so in koma wajensu in dinga zagin su Ciyaman a rediyo, na ce ni mai sauti ne, ba sojan baka ba, in suna da taro su kira ni. Ba su da taron, su ma suna can suna rigimar wanda ya jawo musu faɗuwa. Na sayar da a-kori-kura, Malam Iro ya koma tuƙa adaidaita sahu tsakanin Dutse da Kiyawa. Abin da ya faru a cikin gidana a wannan shekarar kuwa ba naku ba ne.

Malam Iron ne aka aiko mini da sulhu. Ya zo ya zauna ya yi ta jan zance, sannan ya ce Ciyaman ya ce ƙofa a buɗe take. Abin da ake so kawai, in je ofis ranar taron mako, in tsaya gaban shugabanni in ce kuskure na yi, shaiɗan ne. Ya ce kalma biyu ce, Haladu, kowa yana faɗarta ya ci abinci. Na ce ya koma ya gaida Ciyaman, ya ce masa wayata aka yanke, na'urata aka ƙona, in akwai mai neman afuwa to ba daga shagon nan zai fito ba. Malam Iro ya yi fushi, ya ce taurin kaina ya raba shi da mota. Gaskiya ya faɗa. Mun yi watanni gaisuwa kawai muke yi.

Wanda ya riƙe ni a lokacin Alaramma Malam Sani ne, mai makarantar allo a bayan layin nan. Ɗalibansa za su yi saukar karatu, ya aiko in zo. Na ce masa babbar na'urata ta ƙone, sai wata ƙarama ta aro. Ya ce in zo da ita. Na kafa kaya a ƙofar gidansa, yaro yana jan aya muryarsa tana rawa, na bi shi a hankali ina ɗaga masa har uwarsa da ke cikin gida ta ji. Daga nan Alaramma ya haɗa ni da malaman da ya sani, har Haɗeja na je da azumi na yi wa wani malami sautin tafsiri wata guda, ina kwana a zauren wani mai sayar da kifi. Ranakun kasuwa kuma ina bin wani mai maganin gargajiya da ƙaramar lasifika a kan baro. Ni da na saba da gwamna yana magana ta cikin wayata, ga ni ina ɗaga muryar mai maganin basir. Ban ji kunya ba. Shi ma na ɗaura masa lasifika ta inda iska take, shi ma na baya sun ji shi.

Amfilifayar kuwa ban yar da ita ba. Na buɗe ta na cire duk abin da ya ƙone, na dinga zuwa Kano wajen masu tsofaffin kayan lantarki ina tsintar irinsu ɗaya bayan ɗaya, don an daina yin su. Ranar da ta sake yin magana, Malam Iro na fara kira ya zo ya ji. A nan muka shirya.

Hajiya Lami ta zo shagon sau ɗaya a wannan shekarar, da galan ɗin man gyaɗa a hannu. Ta ce ita ta ja mini wannan. Na ce ba ita ta riƙe wuƙa ba. Na tambaye ta ko za ta sauya sheƙa, tunda ana ta zawarcinta. Ta ce a'a, ita ta gina ɗakin nan da hannunta, tana nan a waje tana kallonsa. Ta ce sun ci ne da rabuwar wasu, kuma wanda ya ci da haka sai ya ɗauka dabararsa ce, gaba ya ƙara.

Aiki ya dawo a hankali, don mutane suna mantuwa, Ɗanliti kuma kayansa sun mutu a tsakiyar wani babban taro, aka yi ta raɗe-raɗin cewa da gangan ne, ko da yake na san janareta ne. Amma jam'iyya ba ta sake kirana ba, ni ma ban je ba.

Sai bana. Kun fi ni sanin abin da ya faru, tunda a kansa kuke musu. Manyan nan dai na falo suka sake zama, wannan karon Ciyaman suka sauke. A rediyo ya ji, kamar kowa. Aka naɗa na riƙo, sakataren nan mai zaƙin baki ya bi sababbi. Wasunku suna cewa an yi daidai, tsohon ya tsufa, sabon jini ake so. Wasu suna cewa shi ya san mazaɓu, in babu shi jam'iyya ta faɗi. Ni abin da na gani shi ne, yadda aka ɗora shi haka aka sauke shi, ba a tambayi kowa ba a duka biyun.

Ya so ya tara magoya bayansa a ƙofar gidansa ya faɗi nasa. Sababbin shugabanni suka aika wa duk masu sauti na garin nan cewa wanda ya kai masa ko da makirfo ɗaya, ya san sauran. Ɗanliti ya ce yana da aiki a Gumel. Wata ranar Talata bayan la'asar, ku ba ku nan kun tafi kallon ƙwallo, mota ta tsaya a ƙofar shago. Ciyaman ne da kansa, babu ɗan rakiya. Ya rame. Na ba shi kujera, muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya dubi amfilifayar a kan tebur ya tambaya ko ita ce. Na ce ita ce. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka dai san yadda nake aiki."

Ya ce, "Shi ya sa na zo wajenka."

Ranar taron na ɗauki adaidaitar Malam Iro muka yi sawu biyu. Wannan karon na haƙa 'yar hanya na binne wayar lasifika a ƙasa tun daga na'ura har gindin turken lasifika, na ajiye janareta a cikin zaure. An jera kujeru da yawa, waɗanda suka zo ba su cika rabinsu ba. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a gidan nan duk sun yi tafiya ranar. Ni dai na ɗaura lasifika kamar fili zai cika, ana jin sa har bakin titi.

Ya yi magana mai tsawo. Ya ce an ci amanar mazaɓu, an yanke hukunci a ɗaki, ba a tuntuɓi kowa ba. Ya ce da wannan shugabancin jam'iyya ba za ta kai labari ba. Wasu suka tafa. Ana cikin haka 'yan jagaliya suka iso a kan babura suna zuga inji. Ɗaya ya zo kaina ya ce tsoho, kashe abin nan. Na ce ya je ya karɓi makirfo a hannun mai shi. Ya zaga yana neman waya, bai ga komai ba sai ƙasa. Da suka ga maƙwabta sun fara fitowa daga gidaje, suka ja babura suka tafi.

A lokacin ne na ga Hajiya Lami. Ban san sa'ad da ta zo ba, tana zaune a kujerar ƙarshe ta ɓangaren mata, ita kaɗai a layin. Da Ciyaman ya zo rufewa sai ta miƙe ta ɗaga hannu. Waɗanda suka san abin da ya faru a baya suka fara kallon juna. Ciyaman ya dube ta, ya waiwayo ya dube ni. Na sunkuyar da kai a kan na'ura, don makirfo a hannunsa yake, ba a nawa ba. Sai ya sauko daga dandamali, ya ratsa kujerun da babu kowa, ya je har inda take ya miƙa mata.

Kowa ya zaci ranar ramuwa ce. Ta yi sallama, ta ce ita ba sabuwar magana ta kawo ba, waccan ce da aka yanke a tsakiya take so ta ƙarasa. Ta ce a ranar ta tsaya ne a kan abin da mata suke so a sani. Abin shi ne, duk da abin da aka yi, su ba za su bar jam'iyya ba. A lokacin ta riga ta zaga ta shawo kan matan mazaɓu, sun yarda za su fito su yi wa ɗan takarar nan aiki, in dai Ciyaman zai kawo shi ya shiga gidaje ya gaida mutane, a kuma mayar da shugabannin nan biyu da aka sauke. Ta ce da goron sulhu ta zo ranar a cikin jakarta, da shi ta koma gida.

"Abin da ya rage ke nan, ranka ya daɗe," in ji ta. "Da ka bari na kai ƙarshe, da ka ji ba tafiya zan yi ba."

Ciyaman yana tsaye a gabanta, hannuwansa a baya. Babu wanda ya tafa. Ya zauna a kujerar da ke kusa da ita.

Hajiya ba ta mayar masa da makirfo ba. Ta tako a hankali har inda nake zaune, ta ajiye shi a kan akwatin amfilifaya, ta gyara mayafinta.

"Malam Haladu, na gama. Yanzu ka kashe."

Na kashe.